Renon Idon Rake da Abubuwan da Ke Ƙara wa Dashe Kuzari

Sharhinmu na yau na masu noman rake ne, manya da ƙanana, tun daga fadamun Makarfi da Danja har zuwa Korama ta ƙasar Damagaram da dallolin Gaya, da kuma manoman da ke noma wa kamfanonin sukari a Numan da Sunti da Lafiagi. A kan iri za mu tsaya: yadda ake renonsa, da abubuwan da Allah Ya hore mana a gida waɗanda ke taimaka masa ya tashi da ƙarfi.

Duk wanda ya taɓa shuka rake ya san cewa babu amfanin gonar da ke cin iri kamarsa. Mai gero yakan saɓa irinsa a ƙwarya ya tafi gona. Mai rake kuwa sai ya nemi amalanke ko a-kori-kura. A yadda aka saba, inda ake sassare sanda gunduwa-gunduwa, kowace da ido 2 ko 3, a jera a kwari a rufe da ƙasa, hekta ɗaya kan ci tan 6 zuwa 8 na rake, wani lokaci ma fiye. Raken nan da aka binne kuɗi ne, da an kai shi kasuwa an sha, ko an matse shi an dafa mazarƙwaila. Abin da ya fi ciwo shi ne, idanun da aka binne ba duka ke fitowa ba. Bayan mako 5 ko 6 manomi zai bi kunya yana duba giɓi, nan ya fito, can babu, sai ya koma neman irin cike gurbi, wanda kuma ba zai taɓa kamo na farko a tsayi ba.

Me ke kashe ido a ƙarƙashin ƙasa? Na farko tsufa. Idanun da ke can gindin sanda sun daɗe, sun yi tauri, ruwan jikinsu ya ragu. Na sama su ne masu jini a jika, shi ya sa tsofaffin manoma ke ware kan rake don iri, kuma masana sun gaskata su: raken iri ya fi kyau yana ɗan wata 7 zuwa 9, tun bai gama nuna ba. Na biyu, a gunduwa mai ido 3, idon da ke sama yakan riga sauran tashi, ya riƙa sako wani sinadari da ake kira oksin, wanda ke danne na ƙasa da shi. Na uku sanyi. Idon rake na son ɗumi na wajen digiri 30 a ma'aunin Salsiyas, mu kuwa galibin shukarmu kan faɗo ne cikin hunturu, lokacin da ƙasar fadama ke yin sanyi ƙarara da dare. Ido sai ya yi kwance ya ƙi motsi, kuma duk kwanan da ya ƙara a haka, gara da ruɓa suna samun damar shiga ta bakin sara.

Wannan matsala ce ta sa manyan ƙasashen rake biyu, Indiya da Barazil, suka fito da sabon salo. A Indiya an daɗe da sanin dabarar ɓanɓaro ido ɗaya tare da ɗan guntun jikin sanda, amma a 2009 ne cibiyar ICRISAT da ƙungiyar WWF suka tattara ta cikin tsari guda suka yaɗa wa manoma. Akan cire idon da wata 'yar na'ura ta hannu, a saka kowane ido a raminsa cikin tiren roba, a rene shi kwana 25 zuwa 35, sannan a dasa a gona da tazara mai faɗi, wajen ƙafa 5 tsakanin layi da layi, ƙafa 2 tsakanin tushe da tushe. Da dashe kimanin 4,400 an cika eka guda. Nauyin idanun da hekta ke buƙata bai kai tan ɗaya ba, sauran sandar kuma tana nan, a matse ta a yi mazarƙwaila. A Barazil ma cibiyar binciken noma ta Kamfinas, a jihar Sao Paulo, ta fito da irin wannan tsari, su kuma sukan yi reno na kimanin kwana 60.

To amma akwai wani hanzari. Idon da aka bari a jikin gunduwa yana da rumbun abinci a bayansa: sukari da ruwan da ke cikin gaɓa su yake sha har saiwarsa ta kama. Wanda aka ɓanɓaro kuwa kamar yaron da aka yaye da wuri ne, guzurinsa kaɗan ne, in bai samu mai kula ba cikin kwanakin farko sai ya rame. Yana saurin bushewa, kuma rauninsa a buɗe yake ga cuta. A nan ne maganar abubuwan ƙara kuzari ta shigo, kuma a nan ne, a ganina, suka fi amfani. Wanda zai fesa ruwan zogale a hekta guda ta rake mai tsayin mutum, ganye nawa zai daka? Amma idanun hekta guda, bokitai kaɗan sun ishe su jiƙo, dashensu kuma a ƙarƙashin rumfa ɗaya zai zauna. Reno shi ne ya tattaro gonar ta dawo kusa da hannu, har ɗan abin da talaka ke iya haɗawa a gida ya yi tasiri.

Kafin mu zo kan na fesawa, mu fara da ƙasar da idon zai kwanta a ciki, don ita ce mai ƙara kuzari ta farko, kuma an fi yi mata riƙon sakainar kashi. Indiyawa na amfani da garin ɓawon kwakwa saboda yana riƙe ruwa kuma iska na ratsa shi. Mu a arewa ba mu da kwakwa, amma muna da ɓuntun shinkafa tsibi-tsibi a bayan injinan casa, ana ƙona shi a banza. In aka babbake ɓuntu ya yi baƙi bai zama toka ba, aka gauraya da rairayi da ruɓaɓɓen taki, an samu shimfiɗa mai kyau. Waɗanda ke kusa da kamfanonin sukari kuma suna da dattin da ake tacewa daga ruwan rake, mai ɗauke da sinadarin fosfaras da saiwa ke so, in ya kwanta ya huce. Sharaɗin kawai shi ne takin ya ruɓe sarai, ya koma baƙi, warinsa ya tafi, in ka cusa hannu ba ka jin zafi. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara. Ruɓaɓɓen taki yana ɗauke da wasu sinadarai masu duhu da ke sa saiwa ta yi rassa da yawa, tare da ƙananan halittu masu rai da ke narkar da abinci su miƙa wa tsiro. Wanda ba shi da tire kuma, ledojin ruwan sha da ke cike da lungunanmu sun wadatar, a huda gindinsu don ruwa ya tsiyaye, a kuma tattara su bayan dashe kada a bar su a fadama.

Sai zogale. Ɗanyen ganyen zogale yana ɗauke da wani sinadari mai suna ziyatin, wanda masana suka fara ganowa a ƙwayar masara ɗanya a shekarun 1960. Aikinsa shi ne sa ƙwayoyin jikin tsiro su riƙa rabuwa suna ƙaruwa, kuma shi ne kishiyar oksin ɗin nan da muka ce yana danne ido: wancan na cewa kwanta, wannan na cewa tashi. Ban da shi akwai fotashiyam da kalsiyam da sauran abubuwan gina jiki a ganyen. Masu bincike a ƙasar Nikaraguwa, daga baya kuma a Jami'ar Aikin Gona ta Faisalabad a Pakistan, sun yi aiki sosai a kan ruwan zogale, galibi a kan alkama da masara da kayan lambu, kuma sun ga yana gaggauta tsiro yana taimaka masa jure sanyi da ƙishirwa. Yadda ake haɗawa ba wuya. A tsinko ɗanyen ganye matashi, a daka da ɗan ruwa, a tace da ƙyalle mai tsabta, sannan a tsarma: awo ɗaya na tataccen ruwan, awo 30 na ruwa. A jiƙa idanun a ciki kafin a saka su a tire, in ganye ya fito kuma a fesa da sassafe ko da yamma liƙis. A yi amfani da shi ranar da aka haɗa, don in ya kwana cikin zafi yakan lalace. Kada kuma a ce bari a zuba shi da kaurinsa don ya fi aiki. Irin waɗannan sinadarai kaɗan tsiro ke so, in suka yi yawa sai su koma dannewa.

Ruwan kwakwa ma na ɗauke da dangin wannan sinadari, har ɗakunan bincike sun daɗe suna amfani da shi wajen renon tsirrai a kwalba. Amma a kasuwanninmu tsadarsa ta sa ba shawarar da zan ba mai rake ba ce, alhali ga zogale a bayan ɗaki.

A ƙauyukan Indiya kuma akan tsarma fitsarin shanu da ruwa mai yawa, a tsoma idanun na minti 10 zuwa 15. Fitsarin na da sinadarin naitirojin, irin wanda ke cikin takin yuriya, don haka yakan ba idon ɗan abin taɓawa a farkon tafiya. Shi ma tsarmawar ce sirrinsa, tsagwaronsa ƙonawa yake yi.

Yanzu bari mu ɗan daɗe a kan ƙananan halittu masu rai, domin nan ne ilimin ya fi ban mamaki. Akwai wata mata masaniyar ƙasar noma mai suna Johanna Döbereiner, haifaffiyar tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya, wadda ta yi rayuwar aikinta a Barazil har ta rasu a 2000. Abin da ya dame ta shi ne yadda wasu gonakin rake a Barazil ke shekara da shekaru suna ba da amfani da ɗan takin naitirojin kaɗan, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Daga ina raken ke samu? A 1988 ita da abokin aikinta Vladimir Cavalcante suka bayyana wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a cikin jikin raken kansa, cikin saiwa da sanda da ganye, tana shan sukarinsa, tana kamo naitirojin daga iska. Mun saba jin haka a wake da gyaɗa, masu ƙulle-ƙulle a saiwa. Da yawa ba su zaci haka a dangin ciyawa irin rake ba. Daga wannan bincike da makamantansa aka samo kayan da ake haɗawa yau, waɗanda ake tsoma iri a ciki don ƙwayoyin su shiga tun da wuri. Wata daga cikinsu, Azospirillum, an fi saninta da sa saiwa ta yi gashi da yawa, saiwa mai gashi kuwa ta fi zuƙo ruwa da taki.

Akwai kuma wata fumfuna mai amfani da za ku ga an rubuta Trichoderma a jikin ledarta. Ita tana mamaye kewayen saiwa da bakin rauni, ta tare wa fumfuna mai ruɓar da iri hanya, har takan cinye ta. Ga idon da aka ɓanɓaro, mai buɗaɗɗen rauni, wannan babbar kariya ce. Akan gauraya garinta da ruɓaɓɓen taki mai danshi, a rufe a inuwa wasu kwanaki ta yaɗu, sannan a cika tire da shi. Sai dai ku riƙe wannan da kyau, 'yan'uwa: abu ne mai rai. In ka haɗa ta da maganin kashe fumfuna a bokiti ɗaya, ka kashe ta da hannunka. In leda ta yini a rana a kan teburin mai shago, ko wa'adinta ya wuce, gari kawai ka saya.

Ruwan ciyawar teku shi ma ya shigo kasuwa, kuma a Indiya babbar ƙungiyar takin manoma ta IFFCO na sayar da nata mai suna Sagarika. Yana taimaka wa dashe ya jure wahalar sauyin wuri. A wurinmu kayan waje ne, da canjin dala ake sayo shi.

Ga wata dabara da ba ta cin ko kwabo, kuma na fi ƙaunarta saboda ta dace da hunturunmu. Bayan an saka idanun a tire an yayyafa ruwa, sai a ɗora tire bisa tire, a lulluɓe da baƙar leda, a danne gefe da duwatsu, a bar su kwana 5 zuwa 8. Ɗumi da danshin da ke taruwa ciki kan ta da idanun kusan a lokaci ɗaya. Da an ga farar saiwa da ɗan tsinin toho, sai a buɗe a baje su a rumfa mai shan iska, ana ba su ruwa kaɗan-kaɗan. Kwanaki kaɗan kafin dashe a rage ruwa a ƙara musu rana don su saba. Duk wanda ya fito a raunane, a nan za a tsame shi, ba zai je gona ya ci wuri ba.

Amma ina roƙonku kada wani ya tashi daga jin wannan sharhi da zaton an samo maganin komai. Zogale ba ya warkar da iri mai cuta. Burtuntunar rake, wadda ke fitar da baƙar bulala a tsakiyar kai, cikin ido take ɓuya, kuma tana daga cikin cututtukan da suka fi addabar rake a Najeriya. In ka ɗebo iri daga gonar da ke da ita, ka rene ta ne da kyau ka kai ta sabuwar gona. Akwai kuma cutar da ke tsumburar da gyauro, wadda ba ta da wata alama a fili, adda da wuƙa ne ke ɗaukarta daga sanda zuwa sanda. Cibiyoyi kan magance ta da gasa iri a ruwan zafi mai digiri 50 na awa 2, aikin da ke buƙatar ma'auni, don in zafin ya ɗara kaɗan idon ya dahu. Abin da manomi zai iya a gida shi ne ya zaɓi iri daga sabuwar shuka mai lafiya, ya guji tsohon gyauro, ya riƙa tsabtace wuƙarsa. Haka kuma rake mai ci ne, yana wata 10 zuwa 12 a gona yana zuƙar ƙasa. Abin da aka ba shi a reno na tashi ne, ba zai ɗauke wa mai gona takin da zai zuba daga baya ba.

Shi ya sa kwalaben da suka cika kasuwannin ƙauye ke damuna, masu hoton rake kamar turmi, ana cewa murfi ɗaya ya maye buhun taki. Wasunsu na ƙwarai ne, wasu kuwa ruwa ne mai kala. Najeriya na da dokar kula da ingancin taki tun 2019, kuma ya kamata masu aiwatar da ita su leƙa waɗannan kwalabe kamar yadda suke leƙa buhuna. Kafin nan, manomi na da ma'auninsa. Ka ɗauki tire biyu, iri ɗaya, ƙasa ɗaya, rana ɗaya. Ka sa wa ɗaya abin da kake son gwadawa, ɗayan ruwa zalla. Bayan mako 3 ka ƙirga nawa suka fito a kowanne, ka zare 'yan kaɗan ka wanke ka dubi saiwarsu. Gani ya kori ji. Ko zogalen da na yaba, haka nake so ka gwada shi a kan irin raken da kake nomawa, fari ne ko baƙi, don yadda wani iri ke karɓa ba haka wani ke karɓa ba.

Wannan magana ta wuce gonar mutum ɗaya. Najeriya na shan sukari fiye da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 daga waje ake shigo da ɗanyensa, galibi daga Barazil, a tace mafi yawansa a Legas. Tun farkon shekarun 1960 aka kafa kamfanin sukari na Bacita, a 1993 aka kafa Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa, a 2012 gwamnati ta amince da babban tsarin wadata ƙasa da sukari. Duk faɗaɗa gonakin da tsarin ke buri a kan iri zai tsaya, don hekta ɗaya ta raken iri, a tsohon salo, hekta 8 zuwa 10 kawai take shukawa. Da renon ido kuwa adadin yakan ninka sau da yawa. Hukumar ta kafa ɗakin ninka irin rake a kwalba a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, cibiyar bincike ta Badeggi a jihar Neja kuma ita ke da alhakin fito da sababbin nau'o'in rake. Abin da nake tambaya shi ne, daga Zariya zuwa Makarfi tafiyar nawa ce? Mai raken sha da mai mazarƙwaila su ne suka riƙe wannan noma tun kafin a kafa ko kamfani ɗaya, kuma su ne har yau ke karɓar iri daga maƙwabci, da cutarsa da komai. Ya kamata iri mai tsabta ya fito daga ɗakin bincike ya iso hannun masu reno a ƙauyuka, su ninka shi su sayar wa manoma.

Kuma renon nan sana'a ce ta kanta. Ba ya buƙatar gona, rumfa ce da rijiya da kulawa. Matan da ke cikin gida, waɗanda dama su ke da zogalen da turmin, za su iya. Samarin da ke tura baron rake a birni za su iya. Malaman gona na jihohi su fara da koya wa maƙeranmu ƙera 'yar na'urar cire ido, don ba ta fi ƙarfin maƙerin da ke gyaran garma ba, kuma ko babu ita, wuƙa mai kaifi na iya yanko guntu mai ido ɗaya. Wanda zai gwada a bana, kada ya juya gonarsa duka. Ya ware kunya 10 a gefe, ya lissafa kwanakinsa baya daga ranar da yake son dashe, ya ɗora takinsa ya fara ruɓa tun wata 2 ko 3 kafin nan, don shi ne abin da ya fi cin lokaci. Ranar dashe kuma ya bari sai rana ta yi sanyi, ya ba da ruwa nan take, ya sake bayarwa bayan kwana 2 ko 3, saboda ɗan dashe ba ya jure ƙishirwar makon farko kamar yadda gunduwa ke jurewa.

Allah Ya ba mu damina da rani masu albarka.